Kukan monita a ICU (sashen kulawa ta musamman a asibiti): yaya za mu rage na ƙarya ba tare da mun rasa na gaskiya ba?

Sistar Dare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sauka daga aiki da safe na kasa runtsawa, shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan gabanku.

Daren jiya mu biyu ne a kan gado shida. Akwai wani dattijo a gadon bakin taga da monitarsa ta wuni ta kwana tana kuka. Waya ta ɓalle daga ƙirji, ta yi kuka. Ya yi tari, ta yi kuka. Ya sosa ƙirjinsa, ta rubuta VT da ja, wato mugun gudun zuciya mai hatsari, in rugo a guje in tarar da shi idonsa biyu yana kallona, bugun hannunsa lafiya lau. Wajen ƙarfe 3 na dare ina ɗauke da allurar wani majiyyacin sai ta sake. Na bi ta gefen gadon, na danna maɓallin shiru, na wuce abina. Wallahi ban kalli allon ba. Sai da na yi taku uku ko huɗu Allah ya sa na waiwaya. Bugun zuciyarsa 34, gumi ya jiƙa masa goshi. Wannan karon da gaske ne.

Mun kira likita, an yi masa atropine, bugun ya tashi, yanzu haka yana nan da ransa, alhamdulillah. Abin da ya hana ni barci shi ne hannuna ya riga idona. Shekara bakwai ina ICU, ban taɓa zaton zan yi haka ba. Don Allah ku da kuke wasu wuraren, me kuke yi da wannan kukan da ba ya ƙarewa?

Matiron Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu, Allah ya ba ki lada. Ki gode masa da ya waiwayo da ke. Kuma kin yi abin da da yawa ba sa iyawa, kin fito kin faɗa. Ni abin da na riƙa koya wa yarana shi ne ido kan majiyyaci tukuna, sannan allo, maɓalli shi ne na ƙarshe. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ga ƙwararrun da suka haddace wannan kuma hannunsu ya riga su. Kunnen da aka yi wa ƙarya sau ɗari a dare ɗaya ba ya yarda da na ɗari da ɗaya.

Likitan Sa Barci: Sista, sannu da ƙoƙari. Ba don in sauke miki nauyi ba, amma ina so ki san cewa abin da ya same ki an auna shi an ƙidaya. Farfesa Barbara Drew, ita ma nas ce, ta jagoranci wani bincike a asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka buga shi a 2014. Sun tattara duk abin da monitoci suka fitar a ICU biyar na manya cikin kwana 31, a kan majiyyata 461. Ƙararrawa sama da miliyan 2.5 suka samu. Waɗanda ke fitar da sauti kaɗai sun kai 187 a kowane gado a kowace rana. Sannan suka zauna suka bi na rikicewar bugun zuciya 12,671 ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kashi 88.8 cikin 100 ƙarya ne. Ki ninka 187 sau gado shida, ki ga abin da kunnenki ke ɗauka.

Hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta fitar da gargaɗi a watan Afrilun 2013. Daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 an kai mata rahoton aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa, 80 daga ciki mutuwa ce. Daga 2014 ta sa kula da ƙararrawa cikin sharuɗɗan kare lafiyar majiyyaci da take bin asibitoci.

Abin da nake so mu rarrabe kafin mu yi nisa: kuka iri biyu ne ke damunmu. Akwai na ƙarya tsantsa, kamar VT ɗin dattijon nan alhali sosa yake yi. Akwai kuma wanda gaskiya na'ura ta faɗa amma babu abin yi a kai, kamar mai zazzaɓi da bugunsa ke 122, mun sani, muna maganin zazzaɓin, iyaka kuma tana kan 120. Maganin na farko daban, na biyu daban.

Injiniyan Kayan Asibiti: Dakta ya buɗe min ƙofa. Na farkon nan rabona ne, kuma mafi yawansa a kan fata yake farawa, ba a cikin na'ura ba. Wutar da zuciya ke aikowa saman fata kusan kashi ɗaya cikin dubu na volt ce. Batirin tocila ƙwaya ɗaya ya ninka ta sau dubu da ɗari biyar. To wannan 'yar mitsitsiyar wutar ce monita ke ƙoƙarin ji ta cikin busasshiyar fata, da gashi, da gumi, da basilin. Idan ilektirod, wato ɗan faifan da ake mannawa a ƙirji a jona masa waya, bai kama da kyau ba, duk motsin tsoka da rawar sanyi da girgizar gado sai su fi zuciya ƙarfi a kan allo, na'ura kuma ba ta san sosa ba, layi take karantawa.

Kullum aka kira ni cewa monita ta lalace, kafin in buɗe jakata ilektirod nake fara ɓarewa. Sau da yawa man da ke tsakiyarsa ya bushe ƙamas. An farke leda an ɗauki biyar, an bar sauran a buɗe a durowa, hunturu ya shanye su. Da bazara kuma gumi ne ke ɗaga su.

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum manyana, afuwan da katsalandan. Mu a wurin koyon aiki an nuna mana a goge wurin da sifirit kafin a manna. Daidai ne?

Nas a Ingila: Ƙanwata, ni ma haka aka koya min a gida, sai da na zo nan na daina. Sifirit yana busar da fata, busasshiyar fata kuwa ba ta wuce da wuta sosai. Ƙungiyar nas-nas na ICU ta Amurka, AACN, ta fitar da shawara a 2013: a wanke wurin da sabulu da ruwa, a busar, a ɗan goga da busasshen goz don a cire matacciyar fata ta sama, a rage gashi in akwai, kuma a canza ilektirod kowace rana. A asibitin Johns Hopkins, Maria Cvach da abokan aikinta sun gwada canzawar kullum, ƙararrawa ta ragu da kashi 46 cikin 100. Sabulun nan ma ya fi yi mana amfani, domin 'yan uwan majiyyaci suna shafe shi da mai daga wuya har ƙafa saboda tausayi, sai mu zo mu manna a kai.

Nas daga Damagaram: Salamu alaikum. Anti, canzawar kullum magana ce mai kyau, amma wa zai saya? A wurinmu dangin marar lafiya ake rubuta wa su sawo. Mutumin da ya sayar da akuya ya biya magani, in ce masa kowace safiya ya kawo sababbi biyar? Gaskiya muna barinsu har sai sun faɗi, wani lokaci a ɗiga man hoton ciki a ɗaure da filasta.

Injiniyan Kayan Asibiti: Malam, na san wannan halin, a nan ma ana yi. Amma man hoton ciki don wuce da sauti aka yi shi, na ilektirod kuwa gishiri ke cikinsa don wuce da wuta. Filasta tana riƙe takarda ne kawai, a ido ya manne, a allo kuma hayaniya. In kullum ba za ta yiwu ba, aƙalla abu uku ba sa cin ko sisi: a rufe bakin ledar bayan an ɗiba, a wanke fata kafin a manna, sannan a guji wurin tsoka mai motsi, a kuma naɗe wayar kaɗan a kama ta da filasta don kada nauyinta ya riƙa jan ilektirod. Ni a ganina ma kamata ya yi ilektirod ya shiga kayan da sashe ke ajiyewa kamar safar hannu, a daina ɗora shi kan dangi.

Nas daga Damagaram: Wannan ta ƙarshen ita ce zan kai wa majo ɗinmu, wato shugaban nas-nas na sashenmu. Na gode.

Nas a Ingila: Sai kuma oksijin, wanda ni a wurina ya fi ECG, wato layin wutar zuciya, yawan kuka. Shawarata a sauke iyakar SpO2, wato awon oksijin na jini da ake yi ta yatsa, daga 90 zuwa 88, a kuma sa jinkirin daƙiƙa 15 kafin ta yi ƙara. Yawancin faɗuwar nan na ɗan lokaci ne, majiyyaci ya motsa yatsa, ta sauka ta koma da kanta kafin ka iso.

Likitar Ƙirji: Sista, a nan kam ban yarda ba, kuma ina roƙon kowa ya karanta wannan a tsanake. Jinkirin na amince da shi. Sauke iyakar ga kowa da kowa ne ban amince ba, saboda launin fatar majiyyatanmu.

Oksimita, na'urar da ke auna oksijin ɗin, haske biyu take harbawa ta cikin yatsa, ja da wani da ido ba ya gani, ta lissafa daga abin da ya wuce. A Disambar 2020 Dakta Michael Sjoding da abokansa na Jami'ar Michigan suka buga bincike a New England Journal of Medicine. Sun kwatanta abin da oksimita ta nuna da abin da gwajin jinin jijiya ya nuna kusan a lokaci guda. A cikin awon da oksimita ta ce tsakanin 92 da 96, jini ya nuna ƙasa da 88 a kashi 11.7 na baƙar fata, a farar fata kuwa kashi 3.6. Kusan ninki uku ke nan. Ma'ana a kan fata irin tamu na'urar ta fi karkata ga nuna lamba sama da gaskiya. In allon ya ce 89, mai yiwuwa jinin yana ƙasa da haka. To in muka sauke iyaka zuwa 88 ga kowa, a wurin da ba kowane lokaci ake samun gwajin iskar jini ba, kada garin neman gira mu rasa ido.

Duk wannan muhawarar a kan kukan ƙarya take, amma akwai shirun ƙarya ma, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

Nas a Ingila: Dakta, na karɓa. Binciken nan an yi ta maganarsa a nan lokacin korona, amma ban haɗa shi da batun iyaka ba sai yanzu. Sai dai masu COPD fa, wato daɗaɗɗiyar cutar toshewar hanyoyin iska na huhu? Su ai 88 zuwa 92 ake nema musu. In an bar iyakarsu a 90 ko 92 kwana za ta yi tana kuka, kuma nas za ta yi ta ƙara musu oksijin, wanda shi ma cutarwa ne a gare su.

Likitar Ƙirji: Ƙwarai kuwa. Wannan likita ya duba mutum ɗaya ya rubuta masa nasa. Abin da na ƙi shi ne a yi wa sashe gaba ɗaya kuɗin goro.

Sistar Haihuwa: Ku bar ni in sa baki kan yatsa. Mu masu jijjigar haihuwa muke turo muku, kuma da yawa da lalle suke zuwa. Jan lalle bai cika ba ni matsala ba, baƙin nan ne da ake zanawa har kan yatsu da farce ke hana haske wucewa, lamba ta yi ta rawa ko ta ɓace. Sai in nemi yatsan da babu, ko na ƙafa, ko kunne in akwai irin firob ɗinsa, wato ɗan maƙalin oksimita. Wani abin da nake yawan gani kuma, a sa firob a hannun da aka ɗaura ma'aunin hawan jini. Duk minti 15 in ya kumbura ya tsayar da jini, oksimita ta yi kuka. Sau huɗu a awa, sau casa'in da shida a kwana, a kan abin da canza hannu kawai zai magance.

Likitan Sa Barci: Allah ya saka, Sista. In ƙara da hannu mai sanyi da wanda jininsa ya faɗi. Kafin ka yarda da lambar SpO2 ka kalli igiyar da allon ke zanawa ƙarƙashinta, tana tashi tana sauka daidai? Bugun da take ƙirgawa ya yi daidai da na ECG? In ECG na cewa 96 ita tana cewa 41, lambar oksijin ɗin ba abin dogaro ba ce, sai a gyara firob a sake dubawa.

Mai Nazarin Bayanai: Salam manya. Ni ba ma'aikacin jinya ba ne, ɓangaren kwamfuta da bayanan lafiya nake, amma abin da Dakta ya faɗa yanzu shi ne ainihin abin da masu bincike ke koya wa na'ura. A 2015 PhysioNet, wata taskar bayanan lafiya ta masu bincike, ta shirya gasa tare da taron Computing in Cardiology da aka yi a birnin Nice na Faransa, a kan rage ƙararrawar ƙarya ta bugun zuciya a ICU. Sun ɗauki iri biyar masu hatsari: tsayawar zuciya, wato daƙiƙa 4 babu bugu, bugu ƙasa da 40 sau biyar a jere, bugu sama da 140 sau 17 a jere, sai VT, sai VF, wato karkarwar zuciya da ba ta tura jini. Aka ba masu gasa rikodi 750 su koyar da manhajarsu, aka ɓoye 500 don gwaji. Kowane rikodi yana da layin ECG biyu da igiyar bugun jini, ta yatsa ko ta jijiya ko duka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tsara maki. In manhajarka ta danne ƙararrawar gaskiya guda ɗaya, hukuncinta ninki biyar ne na barin ta ƙarya ta wuce. Ƙungiyar Filip Plesinger daga Brno a Jamhuriyar Cek ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren yanke hukunci nan take, da maki 81 da 'yan kai cikin 100. Dabarar da yawancinsu suka bi mai sauƙin fahimta ce: in layi ɗaya ya ce zuciya ta tsaya, amma ɗaya layin ko igiyar yatsa na nuna bugu daidai, to ƙarya ce. Tun 2008 ma wani mai bincike, Aboukhalil, da abokansa sun gwada haka da igiyar hawan jini ta jijiya, ƙararrawar ƙarya ta sauko daga kashi 42.7 zuwa 17.2. Ni ina ganin nan da 'yan shekaru na'ura za ta raba mu da wannan matsalar.

Matiron Mai Ritaya: Ɗana, wato sun koya wa kwamfuta ta taɓa wuyan majiyyaci kafin ta yi ihu. Madalla, abin da muke yi da yatsu biyu ke nan tun fil azal.

Likitan Sa Barci: Malam, ka kawo abu mai amfani, amma ka tsallake layi ɗaya a aikin 2008 ɗin. A VT dabarar ta danne ƙararrawar gaskiya kashi 9.4. Dalili kuwa sananne ne a wurinmu: mutum na iya shiga VT na gaske kuma jininsa na bugawa na ɗan lokaci. Na'ura ta ga bugu ta ce ƙarya ce ta yi shiru, alhali wannan ne lokacin da ya kamata mu iso kafin ya rikiɗe zuwa VF. A gasar 2015 ma VT ce ta fi ba su wahala. Akwai kuma akasin haka, allo na zana ECG mai kyau, zuciya kuwa ba ta tura jini, abin da muke ce wa PEA. A nan ECG ba zai yi kuka ba ko kaɗan. Saboda haka ina maraba da manhajar, amma ban shirya miƙa mata kunnena ba.

Injiniyan Kayan Asibiti: Sannan dabarar tana buƙatar layi na biyu mai tsabta. In ilektirod ya bushe, firob kuma yana kan baƙin lalle, da me za ta kwatanta? Kuma yawancin monitocin da ke hannunmu tsofaffi ne, wasu na kyauta, ba mai zuwa ya sabunta musu manhaja.

Mai Nazarin Bayanai: Na yarda, na yi gaggawa. Ban san VT na zuwa da bugun jini ba. Na ƙaru, na gode.

Likitan Sa Barci: Mu koma iri na biyu, wanda yake hannunmu yau. A binciken Drew, abin da ya fi kowanne yawa shi ne PVC, wato bugun da ke shigowa kafin lokacinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan ƙararrawar. Ga shi tun 1989 binciken CAST ya nuna cewa magungunan da aka ba waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya don danne PVC, encainide da flecainide, mutuwa suka ƙara. Tun daga nan ba a bin PVC ɗaya-ɗaya da magani. Na'ura ta rubuta shi, mu gani a zagaye, mu duba potassium da magnesium, amma me ya sa zai yi sauti cikin dare? Ra'ayina a kashe sautinsa a yawancin majiyyata, kuma nas ta samu ikon matsar da iyakar bugu daidai da wanda ke gabanta.

Matiron Mai Ritaya: Dakta, da girmamawa, a nan zan ja da kai. PVC naku ne likitoci, ku yanke. Amma kowace nas ta matsar da iyaka yadda ta ga dama, a'a. Na taɓa ganin abin da ya biyo baya a wani asibiti da na yi aiki. An sauke wa wani saurayi mai ƙarfi iyakar ƙasa sosai saboda in ya yi barci bugunsa na sauka, kuma lafiyarsa ƙalau. Aka sallame shi, aka kwantar da wata tsohuwa a gadon, ba wanda ya mayar da na'urar kan sabon majiyyaci. Bugunta ya yi ta sauka monita na shiru. Allah ya sa zagayen awo ya kama ta. Wa ya canza? Ba wanda ya sani, domin ba a rubuta ba. Kuma in abu ya ɓaci, ba likita ake fara kira ofis ba, yarinyar da ke kan gadon ake kira.

Likitan Sa Barci: Hajiya, ranki ya daɗe, ban musa ba. To amma in sai an taso ni ƙarfe 2 na dare daga tiyata kafin a matsar da 120 zuwa 130, ba za a matsar ba, maɓallin shiru za a yi ta dannawa. Shi kuwa ba ya barin shaida.

Matiron Mai Ritaya: To a rubuta. Sashe ya zauna, likitoci da nas-nas, a amince da tazarar da nas za ta iya motsawa a cikinta, abin da ya wuce nan sai da sa hannun likita. Duk canji ya shiga fayil da lokaci da suna. Wurin miƙa aiki, mai sauka da mai hawa su tsaya gaban kowace monita su karanta iyakokin da baki, su tabbatar sauti na kunne. Sabon majiyyaci kuma a share na baya. In an yi haka na yarda.

Likitan Sa Barci: Na sa hannu a kan wannan.

Nas a Ingila: Maganar tabbatar da sauti ta tuna min da abin da ya tayar da batun nan a Amurka. A Janairun 2010 wani majiyyaci ya rasu a asibitin Massachusetts General da ke Boston, bugunsa ya yi ta sauka kusan minti 20, daga baya aka gano an kashe sautin ƙararrawar gaggawa ta gefen gadonsa. Jaridar Boston Globe ta bi diddigi ta gano mutuwa sama da 200 masu alaƙa da ƙararrawa daga 2005 zuwa tsakiyar 2010. A garin dai, Boston Medical Center sun yi gwaji a sashen zuciya: suka cire sautin ƙananan gargaɗi masu kashe kansu da kansu, masu muhimmanci kuma suka ɗaga su zuwa matakin da dole nas ta je ta amsa. Sautin ya ragu da kashi 89. Wato abin da aka bari ya yi kuka, an tabbatar ana zuwa masa.

Ƙarami kuma mai amfani: kafin ki zuƙe majina, ko wanka, ko juya majiyyaci, ki danna dakatarwar minti 2 tunda kina tsaye a kansa. Tana dawowa da kanta. Wannan daban yake da kashewa.

Nas ɗin Tiyata: Ni ta wata fuskar zan yi magana. Bara mahaifiyata ta kwana tara a ICU, Allah ya ba ta lafiya ta fito. Duk da ina ma'aikaci, in na'urar nan ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Ita kuwa ta ce min duk kukan da ta ji sai ta yi kalmar shahada, ko da na gadon maƙwabciyarta ne, don ba ta iya bambancewa. Ba ta samu barcin kirki ba, a kwana na huɗu ta fara ruɗewa tana fizge wayoyi, fizgewar kuma ta ƙara kukan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin ɗakin majiyyata ya wuce desibel 30, wanda kusan raɗa ne. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ga wani mai jinya a lokacin ziyara ya miƙa hannu ya danna shiru da kansa, ya ce haka ya ga ana yi. Daga wurinmu ya koya.

Sistar Dare: Innalillahi. Wannan ma na taɓa gani. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Injiniyan Kayan Asibiti: Amin. Saura abu ɗaya da na manta. Wutar Najeriya da Nijar 50 Hz ce, ta Amurka 60 Hz. Monita na da matatar da ke cire gurnanin wutar bango daga layin ECG. In daga Amurka aka kawo ta kuma ba a canza ba, tana tace 60 alhali 50 ke shigowa, sai ki ga layin ya yi kauri kamar an zana da burushi. Haka in soket ba shi da wayar ƙasa, ko an jona monita da famfon allura da katifar iska a kan ekstenshan ɗaya. Ku lura ko kukan na ƙaruwa lokacin da aka koma janareta. Saitin matatar yawanci a ɓangaren injiniyoyi yake, da lambar sirri, don haka ku kira naku ya duba. In kuma QRS ɗin majiyyaci, wato tsinin da layin ECG ke yi a kowane bugu, gajere ne a layin da ke allo, na'ura na iya kasa ƙirga shi ta ce zuciya ta tsaya. A koma layin da ya fi tsayi. Mai na'urar daidaita bugu a ƙirji kuma a gaya wa monita yana da ita.

Sistar Dare: Assalamu alaikum, na dawo bayan dare biyu. Na bi gadajen ɗaya bayan ɗaya wurin karɓar aiki kamar yadda Hajiya ta ce. A gado biyu firob da ma'aunin hawan jini hannu ɗaya suke, na raba su. Dattijon nan na wanke masa ƙirji da sabulu, ashe basilin ne a shafe, na sa sababbin ilektirod daga ledar da na farke a lokacin. Ƙaiƙayin da yake ta sosawa ma daga tsohuwar filasta ne. Daren ya yi sauƙi har abokiyar aikina ta tambaye ni ko na rage sauti ne, na ce ta zo ta duba, yana nan yadda yake. Da ta yi kuka wajen asuba mu biyu muka juya lokaci guda. Likitan zuciya ya gan shi jiya, ana maganar sa masa na'urar daidaita bugu.

Injiniyanmu ya ce zai zo ranar Litinin ya duba matatar. Maganar tazarar iyaka da PVC na fara rubutawa a takarda don in kai wa shugabar sashe, na kuma sa gargaɗin Likitar Ƙirji a kan oksijin a sama. Sai dai ban san ko in ambaci abin da ya faru da ni a ciki ba, ina tsoron a mayar da shi takardar tuhuma.

Matiron Mai Ritaya: Ki ambata, 'yata, amma ki fara gaya mata baki da baki ku biyu kafin takarda ta isa teburinta, kuma ki nemi likitan da ya yi atropine ɗin ya raka ki. Turo min abin da kika rubuta ta akwatin sirri bayan la'asar in duba miki.